Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar Fina-finai ta Najeriya, Jos: makomar yaran da suka girma a gaban kyamara

Zuwa ga Shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya, Jos.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Mu da muka rubuto wannan takarda ma'aikatan fim ne mazauna Jos. Cikinmu akwai manajojin lokeshin, wato wurin ɗaukar fim, masu kwantiniti da ke kula kada kaya ko yanayi su sauya tsakanin ɗauka da ɗauka, masu ɗaukar sauti da editoci, sai kuma malaman makaranta da 'yan ajinsu kan ɓace ranar Litinin saboda an tafi da su ɗaukar fim. Maganar da ta kawo mu ita ce ta yaron da ya yi suna yana ɗan shekara takwas, ya kai ashirin da biyar ba shi da takardar sakandare mai amfani, ba shi da sana'a, ba shi da ko sisi daga aikin da ya yi, sai fuskar da kowa ya sani. Idan aka gan shi a haka, abin da bakin mutane ya fi saurin faɗa shi ne yaron ya lalace, ko ɗaukaka ta ruɗe shi. Mu da muke tsaye bayan kyamara mun san ba a ranar da ya girma aka yi asararsa ba. An yi ta ne tun yana ƙarami, a lokeshin, a hannun manya, kuma yawancin abin da ya jawo ta takarda shafi ɗaya na iya tare shi.

Mun san iyakar ikonku. Hukumarku da aka kafa a 1979 ba ta kama kowa, ba ta hana fim fita. Wannan aikin Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa ne da ke Abuja tun 1993, da takwararta ta Jihar Kano da aka kafa a 2001. Amma makarantar koyon fim ta ƙasa a hannunku take a nan Jos tun 1995, taskar adana fina-finai a hannunku take, bikin fina-finai na Zuma naku ne, kuma ku ne ke da kunnen minista. Ƙari a kan haka, tun Janairun 2024 kujerar shugabancin hukumar tana hannun ɗan cikin gida, wanda ba sai an yi masa bayanin yadda lokeshin yake da ƙarfe ɗayan dare ba.

Bari mu fara daga yadda yaro ke shiga. Kusan ba a taɓa yin tantancewa a fili ba. Ɗan mai kwalliya ne, ko ƙanin direban bas ɗin kamfani, ko yaron gidan da aka ara don ɗaukar fim, darakta ya ga yana da baki ya ce a gwada shi. Idan ya yi kyau, gobe ma a kira shi. Babu yarjejeniya, babu wanda ya tambayi takardar haihuwarsa, babu wanda ya san sunan makarantarsa. In an tashi aiki, a kira wanda ya kawo shi gefe a damƙa masa “sallama”, shi kuma yaron a saya masa lemo da biskit. Nawa aka bayar, wa ya karɓa, na sin nawa ne, wato fitowa nawa a fim ɗin, babu inda aka rubuta. Bayan shekara goma, idan saurayin ya tambayi ina kuɗinsa, kowa gaskiyarsa yake faɗa idan ya ce bai sani ba.

Ga yadda yinin yaro yake a lokeshin. An ce a hallara ƙarfe bakwai na safe, kuma shi kaɗai ne ke zuwa a kan lokaci, domin shi ba ya da wani aikin da zai fara zuwa. A sa masa kayan sin ɗinsa tun da hantsi, a ce kada ya zauna a ƙasa, kada ya ci abin da zai ɓata rigar, saboda kwantiniti. Babban jarumi ya iso bayan azahar, kuma yana da wani lokeshin da yamma, don haka a fara da nasa. Na yaron a tura ƙarshe, tunda shi ne kaɗai ba zai yi fushi ya tafi ba. A cikin shiri mai dogon zango, inda ake neman sin goma sha biyar ko fiye a yini, ƙarshen nan yana nufin bayan isha'i. A watan Disamba, a gefen Lamingo ko kan duwatsun Shere, ma'aikata kowa na cikin rigar sanyi da hula, shi kuwa yana cikin 'yar singileti saboda labarin ya ce a Kano ake, lokacin bazara. Leɓensa na rawa, ya manta layinsa, a sake, a sake, darakta ya fara ɗaga murya. Aikin da ya yi a gaban kyamara bai kai awa ɗaya ba, amma ya shafe awa goma sha huɗu a wurin. Daga nan a sauke shi a bakin titi, a ce ai ya san hanyar gida.

Babu mugu a cikin wannan hoton, shi ya sa abin ya daɗe. Rashin tsari ne, kuma gyaransa ba ya cin kuɗi. Mai tsara jadawali ya tattara duk sin ɗin yaro wuri guda, a kira shi awa ɗaya kafin lokacinsa. Yayin da ake saita fitilu, wanda kan ci minti ashirin zuwa arba'in, wani babba ya durƙusa a gurbinsa. A fara da ɗaukar fuskarsa ta kusa tun yana da kuzari, a sallame shi, sannan a juya kyamara kan babban da ke magana da shi. Wannan ɓangaren ba ya buƙatar yaron, kowa na iya karanta layinsa daga gefe. Sin ɗin dare na cikin ɗaki kuwa da rana tsaka ake iya ɗaukarsa: baƙin ƙyalle a taga, a rage haske, shi ke nan. Duk ɗalibin shekarar farko a makarantarku ya san wannan. Ba a yi ne kawai don babu wanda zai tambaya.

Inda abin ya fi muni shi ne sin ɗin kuka da na duka. Labaranmu cike suke da maraya da kishiyar uwa, don haka aikin yaro a fim ɗin Hausa rabinsa kuka ne. Hanyoyin da ake bi a samo hawayen sanannu ne. A shafa masa man zafi a ƙasan ido, wanda kan sa idon ya yi ja ya kumbura har a kasa ɗaukar sin na gaba. A daka masa tsawa ba zato. A raɗa masa cewa mahaifiyarsa ta tafi ta bar shi, ko an kai ta asibiti. A ce wa jarumar ta mare shi da gaske “sau ɗaya kawai, don ya fito da kyau”, sai kuma sauti ya samu matsala a sake. Yaro ɗan ƙasa da shekara bakwai ba ya raba wasa da gaske yadda babba ke yi; tsoron da aka ɗauka a kyamara tsoro ne na haƙiƙa, kuma da shi zai kwana. Alhali ɗigon gilisarin a kumatu yana ba da hawaye ba tare da zafi ba. Mari kuwa aikin kusurwa ne: kyamara a bayan kafaɗar mai marin, hannu ya wuce da tazarar taƙi guda daga fuska, yaron ya juya kai, edita ya sa ƙarar daga baya. Sin ɗin da ya shafi fyaɗe ko cin zarafi bai kamata ma yaron ya kasance a ɗakin ba. A ɗauki fuskarsa daban yana kallon wani abu da aka ce ya kalla, a ɗauki babban daban, a haɗa a tebur ɗin edita. Mai kallo ba zai taɓa ganewa ba.

Sai makaranta. Zangon karatu sati goma sha biyu ne zuwa sha uku, wato kwanakin aji kusan sittin zuwa sittin da biyar. Yaron da ke cikin shiri mai dogon zango, idan ana ɗaukarsa kwana biyu kacal a sati, ya rasa kwana ashirin da huɗu ko fiye a zango ɗaya, sama da kashi ɗaya cikin uku. Ranar da ya zo ma barci yake yi a kan benci. Lissafi da Turanci darussa ne da ke hawa kan juna. Wanda ya rasa rabe-raben lamba a aji huɗu ba zai gane aljabara a ƙaramar sakandare ba. Malamai kan ɗaga masa ƙafa saboda ɗan fim ne, a tura shi aji na gaba, har ranar da WAEC ko NECO za ta faɗi gaskiyar da kowa ya ɓoye. Islamiyya kuwa ita ce ta farko da ake sadaukarwa, domin da yamma take, lokacin da aiki ya kankama. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara, amma ba mu taɓa jin an tambayi wani furodusa ranar makaranta nawa ya cinye wa yaro ba.

Duk wannan da sauƙi da a ce sana'ar za ta riƙe shi. Ba ta riƙewa. Tsakanin shekara goma sha biyu da sha biyar murya ta fashe, tsawo ya zo, ƙuraje su fito. Ya yi girma da fitowa a ɗan jarumi, bai kai fitowa a jarumin ba. Labaranmu na soyayya ne da aure da rikicin gado, babu gurbin ɗan shekara sha biyar a cikinsu sai ɗan aike. A shiri mai dogon zango ma abin kan zo ba sallama: an tafi hutu wata takwas tsakanin zango da zango, yaron ya dawo ya fi uwarsa ta fim tsawo, marubuci ya rubuta “bayan shekara goma”, a kawo wani. Babu wanda ke kiran yaron ya zaunar da shi ya ce aikinka ya ƙare. Waya ce kawai ke daina ƙara. Zai yi shekara biyu yana zarya a ofisoshin furodusoshi, yana riƙe wa jarumai jaka, yana jiran a tuna da shi.

Kuma yana ɗauke da wani nauyin da sa'o'insa ba su da shi. Ɗan unguwarsu da bai ci jarrabawa ba zai je Katako ya koyi kafinta, ko ya karɓi Keke, ko ya yi dako a Farin Gada, ba mai kallonsa sau biyu. Shi kuwa duk inda ya tsaya sai an ce “kai, ba kai ne wane ba?”, da sunan da aka sa masa a fim, a ɗaga waya a ɗauke shi, gobe ya ga kansa a TikTok an rubuta “duniya juyi-juyi”. Kunyar nan ita ke hana da yawa kama ƙaramar sana'a, ita ke tura wasu zaman majalisa da abin da ke biyo bayansa. 'Yan mata nasu ya fi wuya. Yarinyar da aka sa a fim tana shekara tara, ba da shawararta ba, za ta kai munzalin aure a ce wa dangin manemi “ai 'yar fim ce”. Tsofaffin sin ɗinta a yanko su, a ɗora musu waƙar da ba ta san da ita ba. A shekarun sha uku zuwa sha bakwai kuma, lokacin da take neman a ci gaba da sa ta, a nan ne masu cewa “zo ofis ki same ni, ke kaɗai” suke samun ƙofa.

Yallaɓai, ga inda doka ta tsaya. Dokar Ƙwadago, sashe na 59, ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 12 aiki, sai dai aiki mara nauyi na gona ko na gida a hannun danginsa. Ta ce ɗan ƙasa da 14 dole ya koma gidan iyayensa ko mai riƙonsa ya kwana kowane dare, ɗan ƙasa da 16 kuma kada ya wuce awa huɗu a jere ko awa takwas a yini. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki a Abuja, Jihar Filato kuma ta yi tata a 2005, ta ɗauki duk ɗan ƙasa da 18 a matsayin yaro, ta kuma hana ci da guminsa. Idan aka bi waɗannan harafi da harafi, kusan duk ƙaramin yaron da ke fitowa a fim a ƙasar nan a wajen doka yake aiki. Tunda kuwa ba za a yi fim ba yara ba, kowa ya kau da kai, yaron ya tashi ba shi a cikin doka, ba shi a cikin kariya. Alhali ƙofar tana nan. Yarjejeniya ta 138 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 2002, ta ce a sashe na 8 hukuma na iya ba yaro izinin fitowa a wasan fasaha, ɗaya bayan ɗaya, da sharaɗin izinin ya ƙayyade awoyi da yanayin aikin. Yau idan furodusa mai tsoron Allah ya tashi neman wannan izini a Jos ko Abuja, bai san tagar da zai tsaya ba.

Wasu ƙasashen ma sai da suka ga asara kafin su gyara. Jackie Coogan yana ƙaramin yaro ya yi fim da Charlie Chaplin wanda ya fito a 1921, ya tara abin da aka ƙiyasta dala miliyan uku zuwa huɗu. Da ya girma ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye. Ya kai su kotu a 1938, abin da ya samu dala 126,000 ne. A 1939 Jihar Kalifoniya ta yi dokar da ake kira da sunansa, kuma tun gyaran da ya fara aiki a 2000, kashi 15 cikin ɗari na kuɗin yaro kamfani ke zubawa kai tsaye a asusun da ba mai taɓawa sai ya cika 18. Shirley Temple, wadda ta bar fim tana shekara 22, daga baya ta zama jakadiyar Amurka a Gana daga 1974 zuwa 1976, ta tarar da dala 44,000 kacal daga sama da miliyan uku da ta samu tana yarinya. Ita ta tsira ne don ta samu wata rayuwar a wajen fim. Maganar aikin dare kuwa, a 1982 yara biyu, mai shekara shida da mai shekara bakwai, sun mutu a wani lokeshin a Kalifoniya da misalin ƙarfe biyun dare, jirgi mai saukar ungulu ya faɗo musu. An ɗauke su aikin ne a ɓoye, ba izini.

Za a ce wannan Amurka ce. To a dubi Indiya, wadda masana'antarmu ta fi kowa sanin fina-finanta. Ƙa'idojinsu na 2017 sun ce furodusa ya nemi izinin hukumar gunduma kafin ya sa yaro, kada yaron ya wuce awa biyar a yini ko awa uku ba hutu, kada ya yi fiye da kwana 27 a jere, a sa babba ɗaya ya kula da yaran da ba su wuce biyar ba, kuma a ajiye aƙalla kashi 20 cikin ɗari na kuɗinsa a banki da sunansa har ya girma.

Abin da muke roƙo shi ne hukumarku ta jagoranci zama da hukumomin tace fim biyu, da Ma'aikatar Ƙwadago, da ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN da sauran ƙungiyoyin sana'a, a fito da takardar izini mai shafi ɗaya, Hausa a gaba, Turanci a baya. A cikinta a rubuta sunan yaro da shekarunsa bisa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, sunan makarantarsa da sa hannun shugabanta, ranakun aiki, adadin kuɗi, lambar asusu, sunan wanda zai raka shi, da taƙaitaccen bayanin kowane sin da ya ƙunshi duka, kuka, wuta, ruwa, dabba ko mota. Uba ko uwa su sa hannu bayan an karanta musu. Yaron da ya kai shekara goma a tambaye shi shi ma, ba a gaban furodusa ba.

Ga awoyin da muke ganin lokeshin ɗinmu zai iya ɗauka ba tare da aiki ya tsaya ba. Ɗan ƙasa da shekara shida, awa uku a wurin, mahaifiyarsa na kusa. Shida zuwa sha ɗaya, awa shida. Sha biyu zuwa sha biyar, awa takwas, da hutu bayan kowace awa uku. A lura, daga isowarsa ake ƙirgawa, ba daga lokacin da aka ce “akshin” ba, in ba haka ba jiran nan na awa goma zai ci gaba da zama kyauta. Ɗan firamare ya bar lokeshin kafin ƙarfe takwas na dare, a kai shi har ƙofar gida, kuma a bar awa goma sha biyu tsakanin tashi da kiran gobe. Lokacin karatu, aikin yara ya koma Asabar da Lahadi da hutu. In ya zama dole a ci ranar makaranta, kada ta wuce biyar a zango, kuma ba a satin jarrabawa ba. Mai rakiya kada ya zama ma'aikacin furodusa, domin wanda ke jiran sallama daga hannunka ba zai ce maka lokaci ya yi ba. Yarinya mace ce za ta raka ta, kuma babu canza kaya, babu bitar layi a ɗaki rufe da babba ɗaya.

Kuɗin ajiya kuwa mu ɗauki kashi 20, irin na Indiya. A ce ana biyan yaro naira 20,000 a yini, ya yi kwana talatin a shekara: 600,000 ke nan, 120,000 ta shiga ajiya, sauran a hannun iyaye don ɗawainiyarsa. Bankunanmu duk suna buɗe asusun yara. Abin da ya rage shi ne sharaɗin cewa ba a cirewa sai ya cika 18, in ban da kuɗin jarrabawa ko asibiti, shi ma a biya makarantar ko asibitin kai tsaye. Furodusa ne zai tura, ba uba ba, domin kuɗin da ya kwana a gida ranar da babu cefane ba zai isa banki ba, kuma ba mu ga laifin kowa a nan. Mun san darajar naira na zaizayewa, abin da aka ajiye yau ba zai sayi abin da yake saya ba bayan shekara goma. Don haka a ba iyaye zaɓin asusun da ke juya kuɗi, har da na bankunan da ba sa mu'amala da ruwa. Ko da ya zaizaye, kuɗin rajistar JAMB da na shekarar farko, ko na keken ɗinki, ya fi babu.

Wasu iyaye za su kawo hadisin da ke cewa kai da dukiyarka na mahaifinka ne. Wannan fagen malamai ne, kuma muna so a gayyace su zaman. Abin da muka sani shi ne malaman fiƙihu sun ɗaure wannan da buƙata da rashin cutar da ɗan, kuma sun tabbatar cewa ƙaramin yaro yana mallakar dukiya, waliyyinsa mai tsaro ne. Yara da dama da ke wannan aiki ma marayu ne a hannun kawu ko yaya, hukuncin dukiyarsu kuwa a bayyane yake a farkon Suratun Nisa'i, har da umarnin kafa shaidu ranar miƙa ta.

Ta yaya za a tilasta? Ba sai an ɗauki ma'aikatan sintiri ba. Duk fim yana zuwa gaban hukumar tacewa, kuma mai tacewa yana ganin yaron da idonsa a allo. Ya tambayi takardar izini da shaidar tura kuɗi. Babu su, babu satifiket. Tashoshin da ke sayen shirye-shirye, irin su Arewa24 da NTA, su sa wannan cikin takardun da suke karɓa. Kada a sa wa takardar kuɗi mai yawa, kada kuma a ce sai an je Abuja. In ta yi tsada ko ta yi nisa, za a koma gidan jiya. A bar furodusa ya cike ta a waya, amsa ta zo cikin kwana uku.

Inda wannan ba zai kai ba shi ne YouTube da TikTok, kuma can ne yaran suka fi yawa yanzu. Ɗan barkwanci mai shekara bakwai, yayansa ke riƙe da waya, tashar da sunan yayan, kuɗin talla na shiga asusun yayan duk wata, bidiyon kuma zai ci gaba da kawo kuɗi bayan yaron ya daina ba kowa dariya. Jihar Ilinoi ta Amurka ta fara aiki da doka a 2024 da ke tilasta ware wa irin waɗannan yara kasonsu. Mu a nan, mafi ƙaranci, ƙungiyoyin sana'a su sa wannan sharaɗi ga duk mai tashar da ke neman rajista da su, a kuma ba wanda ya cika 18 damar neman a sauke bidiyon da aka yi da shi yana yaro.

Saura waɗanda suka riga suka girma, su ne kuma aikin da ke hannunku kai tsaye, ba sai kun jira kowa ba. Matashin da ya yi shekara bakwai a lokeshin ya san abin da ɗalibin digiri ke shekara biyu yana koyo: ya san inda zai tsaya haske ya same shi, ya san dalilin da ya sa ba a tsallaka layin kyamara, kunnensa ya san lokacin da janareto ya shiga sauti. Abin da ba shi da shi kiredit biyar ne, don haka ƙofar digiri a makarantarku a rufe take gare shi. A buɗe masa wata: kwas na wata shida zuwa tara a ɗaukar hoto, sauti, haske, kwantiniti ko tace hoto, a shiga da gwajin aiki a maimakon sakamakon jarrabawa, a koyar da Hausa da Turanci, a haɗa da ajin gyaran WAEC da yamma ga mai so. Hedikwatar ITF, hukumar horar da ma'aikata sana'o'i, tana nan cikin Jos, aikinta ke nan tun 1971, ga kuma kwalejin talabijin ta NTA. Ba sai an gina sabon abu ba. Masana'antar tana fama da ƙarancin masu sauti na kirki, kowa ya shaida, ga kuma mutanen da suka dace suna zaune. Aikin mai rakiyar yara da muka ambata a sama ma babu wanda ya fi su cancanta da shi, in an ba su horon sati biyu a kan kare yara da taimakon gaggawa.

Za su buƙaci shaidar aikin da suka yi, a nan kuma taskarku ta shigo. Fina-finan zamanin kaset da faifan CD da yawa sun ɓace, kamfanonin sun rufe, a waɗanda suka rage ma sau da yawa ba a rubuta sunan yaron a jerin 'yan wasa ba, ko an rubuta sunan farko kawai. Muna roƙon a buɗe rajista a ofishinku na Jos da na Abuja, inda wanda ya yi fim yana yaro zai kawo sunayen fina-finan da shekarunsu, mutum biyu daga cikin ma'aikatan fim ɗin su shaida, a ba shi takarda. Rajistar ta zama ta sirri. Wanda ya bar harkar ya yi aure ko ya kama wata sana'a, ba ya son a tono, a ƙyale shi. Kada kuma a mayar da abin bikin nuna tausayi, a jera su a dandamali a bikin Zuma ana ɗaukar hoto ana miƙa ambulan. Abin da ya dace da Zuma shi ne zama na yini ɗaya, ƙofa a rufe, su yi magana, masu rubuta ƙa'idar su saurara.

Muna da daftarin takardar izinin da jadawalin awoyin a rubuce, da Hausa da Turanci. Idan ofishinku ya sa rana kafin dogon hutun makarantu, lokacin da aka fi kwasar yara zuwa lokeshin, za mu kawo su da kanmu, tare da furodusoshin da suka yarda a fara gwadawa a kan aikinsu.

Allah ya taya riƙo. Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan fim da malaman makaranta,
Jos, Jihar Filato.